Ciwon Prader-Willi

Ciwon Prader-Willi lalura ce da ake haihuwar mutum da ita, tana taɓa ƙarfin jiki, girma, balaga da jin ƙoshi. Babbar alamarta ita ce yunwar da ba ta yankewa: mai ita yakan tashi daga kan kwano cikinsa dam, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta shaida masa ya ƙoshi ba. Ana ƙiyasta tana samun jariri ɗaya cikin 10,000 zuwa 30,000, mace ko namiji, a kowace ƙabila. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma ta warkewa, sai dai lallaɓawa har ƙarshen rai.

Tarihi

Likitoci uku ne suka fara bayyana ciwon a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a 1956: Andrea Prader, Alexis Labhart da Heinrich Willi. Sunan Labhart ya faɗi a hanya, ko da yake wasu tsofaffin littattafai na kawo su ukun.

Ciwon kuwa ya girmi sunansa. Wajen 1680, mai zane Juan Carreño de Miranda ya zana wata yarinya 'yar kimanin shekara shida, Eugenia Martínez Vallejo, wadda aka kai fadar Sarki Carlos na Biyu na Sifen don a riƙa kallon ƙibarta. Zane biyu ya yi mata, kuma suna gidan tarihin Prado da ke Madrid. Likitoci da dama na ganin wannan ciwon ne gare ta, wasu kuma sun ce wani ne daban. Haka nan likitan Ingila John Langdon Down ya rubuta labarin wata budurwa mai irin waɗannan alamomi, ana jin a 1887.

Sai a 1981 David Ledbetter da abokan aikinsa suka gano gutsurewar wani yanki na kuromozom na 15 a jikin masu ciwon. Kuromozom ƙunshin ƙwayoyin gado ne, kuma mutum kan gaji na 15 guda biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Bayan shekara biyu aka tabbatar wanda ya fito daga uba ne ke gutsurewa. A 1989 Robert Nicholls ya nuna wasu yaran ba su da gutsure, amma kuromozom ɗin nasu duka biyu daga uwa suka gado su. Wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna wasu ƙwayoyin gado ba sa aiki sai ta wajen uba suka zo, wasu kuma sai ta wajen uwa.

Musabbabi

Kusan kashi 70 cikin 100 gutsurewa ce, wajen kashi 25 kuma gadon biyu daga uwa. Galibi haka kawai yake aukuwa lokacin shigar ciki, ba laifin uwa ba na uba. Ya sha bamban da sikila, kuma auren zumunci ba shi ke jawo shi ba. Illar tana sauka a kan sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa, barci, zafin jiki da sinadaran girma.

Alamomi

Abin mamaki, ciwon da ƙin cin abinci yake farawa. Jariri yakan zo da jiki laƙwas, kuka ƙasa-ƙasa, yawan barci, ba ya iya kama nono. A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda haihuwa da yawa a gida ake yi a hannun ungozoma, irin wannan jaririn sau da yawa tamowa ake zarga, ko a ce iska ce, ko a kira shi ɗan ruwa. Namiji kan zo marainansa ba su sauko ba. Zama da tafiya da magana duk sukan yi jinkiri.

Daga shekara biyu zuwa huɗu ƙiba takan fara, tun kafin cin ya ƙaru. Yunwar gaske takan kankama wajen shekara takwas. Akwai gajarta, ƙananan hannuwa da ƙafafu, jinkirin balaga, wahalar koyo, taurin kai da tsinkar fata har ta yi gyambo. Manyan da ke da ciwon ba kasafai suke haihuwa ba.

Kulawa a gidan ƙauye

Mai ciwon na bukatar abinci ƙasa da na sa'anninsa, saboda ƙarancin tsoka a jikinsa, ga shi kuma ya fi kowa jin yunwa. A nan wahalar take. Al'adar haɗa yara a kwano ɗaya ba ta yi masa: sai an zuba masa nasa daban, a ƙaramin kwano, a rage malmalar tuwo a cika da miyar ganye, zogale, rama ko kabewa. Tukunyar da aka bar ƙanzo a ciki, ɗumamen da aka rufe don safe, ƙullin ƙuli-ƙuli a bayan gado, duk ya san inda suke, kuma da tsakar dare yakan tashi. Shi ya sa ake sa kwaɗo a ɗakin ajiya, a ɗaga abinci sama. Iyalai da yawa sun ga cewa idan yaro ya san lokacin cin abincinsa ba ya canjawa, kuma ya fidda rai da ƙari, rigimarsa takan ragu.

Kulle ɗaki ma mai sauƙi ne a kan kulle hannun mutane. Kaka za ta ce jikanta ake wa horon yunwa, ta ɓoye masa fura. Maƙwabciya ba ta iya ganin yaro a ƙofarta ta hana shi loma. Ranar suna, biki ko Sallah abinci ko'ina, sai an sa babba ɗaya yana biye da shi. Ɗora masa tallar ƙosai ko awara, ko tura shi almajiranci wani gari, haɗari ne. Duka da kiransa mai haɗama ba sa rage yunwar, sata kawai suke koya masa. Tafiya kullum, ɗiban ruwa da bin manya gona suna taimakawa, amma ba cikin tsakar rana ba, domin jikinsa bai iya daidaita zafi.

Abu biyu ya kamata mai jinya ya riƙe. Masu ciwon ba sa jin zafin ciwo sosai, kuma da wuya su yi amai. Don haka kumburin ciki, amai ko ƙin abinci farat ɗaya alama ce ta gaggawa, a nufi asibiti. Suna kuma yawan shaƙewa saboda saurin haɗiya.

Gwaji da magani

Gwajin jini na ƙwayoyin gado ne ke tabbatar da ciwon. Daga karkara akan tura yara manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Amurka ta amince da allurar sinadarin girma ga masu ciwon a 2000, sannan a 2025 ta amince da maganin farko na rage yunwar. Dukansu suna da tsada. Ana kuma bibiyar ciwon suga, karkacewar ƙashin baya da ɗaukewar numfashi cikin barci.