Gyaran farfelar jirgin ruwa don ƙarin gudu da haɗarin tsagewar fiffike

Gyaran farfela, a wannan ma'ana, shi ne sauya siffar fikafikan lafiyayyar farfela ta hanyar lanƙwasawa, ko gogewa, ko datse baki, domin jirgi ya ƙara gudu ko ya fi saurin ɗagowa saman ruwa. Masu tsere da masu ƙananan jirage masu injin ratayawa, wato injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, su suka fi yin sa. Abin da ake samu ba ya cika yawa, mil biyu ko uku a awa idan aiki ya yi kyau, kuma galibi daga ƙwarin ƙarfen ake ciro shi.

Ma'aunan farfela

A jikin farfela akan buga lambobi biyu, misali 14 x 19. Ta farko faɗin da'irar da bakin fikafikai ke zanawa ne, inci 14. Ta biyu taku ne, wato tazarar da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar sukurun da ake murɗawa cikin katako. Ruwa kuwa yana ba da hanya, shi ya sa ake samun zamewa, wadda a jirage masu sulɓi a saman ruwa takan kama daga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Injin da ke juyi 5,500 a minti, giyarsa 2:1 (inji ya juya sau biyu, farfela sau ɗaya), da farfela mai taku 19, lissafi zai ba shi kusan mil 49 da rabi a awa. Idan aka cire zamewar kashi 12, sai a koma mil 43 da rabi.

Irin gyaran da ake yi

Sauya taku ya fi kowane yawa. Ana ɗora fiffike a kan wani dunƙulen ƙarfe mai siffar takun da ake so, a riƙa bugunsa da guduma har ya kwanta. Kowane inci ɗaya da aka ƙara yana rage juyin inji da 150 zuwa 200 a minti idan an sake totur gaba ɗaya, ragewa kuma tana ƙara shi haka. Manufa ita ce inji ya tsaya cikin zangon da masana'anta ta ƙayyade, wanda ga yawancin injinan ratayawa ke tsakanin 5,000 da 6,000. Inci ɗaya zuwa biyu shi ne iyakar abin da masu sana'ar ke yarda su lanƙwasa. Abin da ya wuce haka, sayen wata farfela ya fi.

Sai leɓe, ɗan lanƙwasa da ake yi wa gefen baya na fiffike. Yana sa farfela ta riƙe ruwa idan an ɗaga inji sama, amma yana nauyaya juyi kusan kamar an ƙara taku inci ɗaya. Akan kuma sauya kishingiɗar fiffike zuwa baya don ɗaga goshin jirgi.

Na ƙarshe, kuma mafi haɗari, shi ne siranta fikafikai: a goge bayan fiffike, wato fuskar da ke kallon gaban jirgi, a rage kaurinsa, a wasa gefen gaba ya yi kaifi, domin ya yanka ruwa ba tare da turjiya ba.

Dalilin tsagewa

Fiffike kafe yake a cibiya ta gefe ɗaya, ruwa na tura shi, don haka wahalar duka a gindinsa take taruwa. Fuskar da ke tunkuɗa ruwa, wato mai kallon baya, ita ce ke shan ja, kuma nan tsaga ta fi farawa. Ƙarfin jure lanƙwasa yana tafiya ne da kauri sau kauri. Idan aka rage kauri da kashi 10 cikin ɗari, nauyin da ke kan ƙarfen zai ƙaru da kusan kashi 23. Idan aka rage kashi 20, ƙarin ya kai kashi 56. A ido ba a ma ganin bambancin kaurin.

Fiffike ba ya cika karyewa a tashi ɗaya. Gajiyar ƙarfe ce ke cin sa, irin yadda waya ke tsinkewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. A jiragen da aka ɗaga farfela har rabinta na waje, kowane fiffike yana fita iska ya koma ya mari ruwa sau ɗaya a kowane juyi. Farfela mai juyi 3,000 a minti tana yi wa kowane fiffike wannan mari sau 180,000 a awa, wato miliyan ɗaya kafin a cika awa shida. Ɗan gurbin da dutse ya bari a gefen gaba, ko zanen da injin guga ya bari, ya isa ya zama mafarin tsaga. Shi ya sa ake son gugar ƙarshe ta bi daga gindi zuwa baki. Zanen da ya gitta fiffike ya riga ya shata wa tsaga hanya.

Akwai kuma cin kumfa. Idan matsin ruwa ya faɗi ƙwarai a bayan fiffike, ruwa yakan zama ƙananan kumfar tururi, su fashe a jikin ƙarfe, su bar ramuka kamar zanzana. Leɓen da ya yi yawa ko gefen gaba da aka wasa ba daidai ba suna jawo wannan. Mutane kan rikita shi da shaƙar iska daga saman ruwa, alhali ita shaƙar iska juyin banza kawai take sa inji.

Kowane ƙarfe da halinsa

Alminiyum na zubi ba ya jure a lanƙwasa shi a dawo da shi; karo na biyu ko na uku yakan tsage. Ƙarfe marar tsatsa irin mai lamba 17-4 PH da 15-5 PH ƙwarinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta yake, don haka walda ko wutar gas na sauya halin wurin da ta taɓa, sai an sake gasa shi. Tagulla mai manganis tana tsagewa a ruwan gishiri idan ba a kawar da matsin da walda ko lanƙwasa suka bari a jikinta ba, saboda haka ake dumama ta bayan aiki a bar ta ta huce a hankali. Tagulla mai nikel da alminiyum ta fi haƙuri ta wannan fanni. A manyan jirage, ƙa'idojin IACS, ƙungiyar hukumomin da ke tantance ingancin jiragen ruwa, sun raba fiffike shiyya uku, A da B da C, kuma ba a cika yarda da walda a shiyyar A ba, wadda ita ce gindin fuskar da ke tunkuɗa ruwa.

Bincike

Bayan kowane gyara ana auna takun fikafikai ɗaya bayan ɗaya, a daidaita nauyinsu, domin wanda ya fi sauran taku shi zai ɗauki kaya mafi yawa. Don gano tsaga, a wanke fiffike tas, a fesa jan ruwan gwaji, a bar shi minti 10 zuwa 30, a share da tsumma, sannan a fesa farar hoda. Inda tsaga take, jan layi siriri zai tsatso cikin farin. Fiffike lafiyayye yana amo idan aka ƙwanƙwasa shi, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take, ko da yake ƙaramar tsaga na iya tsallake wannan gwajin. Sabuwar girgiza a sitiyari ita ma alama ce.

Farfelar da ta tsage a gindi ajiye ta ake yi. Idan fiffike ya fice ana cikin gudu, ragowar kan lanƙwasa sandar farfela, su lalata gidan giya, jirgi kuma ya fizge gefe ɗaya kafin direba ya kai hannu ga totur.