Ma'anar "hurumi" a aikin majalisar dokokin jiha

A asalin Hausa, hurumi fili ne da aka keɓe, kamar maƙabarta ko makiyayar da ke gefen gari, wanda ba kowa ke da ikon sa masa fartanya ba. Daga nan kalmar ta shiga bakin alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida, ta koma nufin iyakar ikon da doka ta ba wata hukuma. Idan aka ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara, ko majalisar jiha ba ta da hurumin yin wata doka, ana nufin abin ya faɗa cikin gonar wani.

A Najeriya, Tsarin Mulkin 1999 ne ya shata wannan iyaka. Jadawalinsa na biyu ya ƙunshi jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, da wani jerin na haɗaka wanda tarayya da jiha duk suke da ta cewa a kansa, sannan abin da ba ya cikin ko ɗaya ya zama na jiha. Sha'anin masarautu misali ne na rukuni na ƙarshe, shi ya sa majalisar Kano ta iya ƙirƙirar masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, ta kuma soke dokar a 2024. Inda dokar jiha ta ci karo da halastacciyar dokar tarayya, sashe na 4(5) ya ce ta tarayya ce a sama.

Batun tsaron makarantu shi ya fi nuna yadda iyakar take aiki, kuma shi ya fi ci mana rai. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, iyaye da dama sun riƙa tambayar abin da wakilansu ke yi a majalisa. Gaskiya ne cewa 'yan sanda da sojoji da lasisin makamai duk na tarayya ne, domin sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya a ƙasar, kuma wannan ne ya sa jihohi suka koma kafa rundunonin taimako irin Amotekun a kudu maso yamma a 2020 da Askarawan Zamfara a 2024. To amma makarantar firamare da ta sakandare ta jiha tana cikin hurumin majalisar jiha ɗungurungum. Duk wanda ya taɓa leƙa makarantar kwana ta karkara ya san irin wadda ake magana a kanta: katangar ta rushe ta ɓangaren daji har awaki na shiga, ɗakin kwanan yara ba ƙofar kirki, maigadin kuma dattijo ne guda ɗaya mai tocila da sanda. Kuɗin gina wannan katanga da ɗaukar masu gadi majalisa ce ke amincewa da su a kasafin shekara, kuma sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da kiran kwamishina ya zo ya yi bayanin inda kuɗin suka tafi. A ganina, ɗan majalisar da ya ce tsaro ba huruminsa ba ne alhali bai taɓa neman wannan bayani ba, ya faɗi rabin gaskiya ne kawai.

Dokar miyagun ƙwayoyi kuwa ta fi karkata ga tarayya. Magunguna da guba suna cikin jerin Majalisar Tarayya, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da aka kafa a 1989 ta tarayya ce, kuma a Babbar Kotun Tarayya ake gurfanar da waɗanda take tuhuma. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ce ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Abin da ya rage wa jiha shi ne kula da wanda shaye-shaye ya riga ya kama: gina cibiyar gyaran hali mai likita da gado, sa ido kan gidajen mari masu zaman kansu domin kada a riƙa ɗaure marasa lafiya da sarƙa, da sa wayar da kai cikin karatun makaranta.

A fannin tattalin arziki hurumin jiha ya faɗaɗa ba da daɗewa ba. Ma'adinai da kwastan da buga kuɗi na tarayya ne, amma gyaran Tsarin Mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya mayar da layin dogo cikin jerin haɗaka, ya kuma ba jihohi damar yin doka kan samar da wutar lantarki da rarraba ta har a wuraren da babban layin wutar lantarki na ƙasa ya kai. Sai dai damar ba ta aiki da kanta. Dole majalisa ta karanta ƙudirin sau uku, kwamiti ya tace shi, a miƙa wa gwamna, wanda sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa na iya sake zartar da ƙudirin ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba.