Mene ne sabunta iska a ƙuntataccen wurin aiki?

A wajen masu kula da lafiyar ma'aikata, ƙuntataccen wuri shi ne duk inda mutum zai iya shiga ya yi aiki, amma mashigarsa matsattsiya ce, kuma ba don zaman mutane aka yi shi ba: rijiya, ramin masai, tankin mai, rumbun hatsi na ƙarfe. Sabunta iska kuwa shi ne a riƙa tura iska mai kyau ciki da inji tana korar gurɓatacciya, tun kafin mutum ya sauka har ya fito.

Da yawa sun ɗauka in an buɗe murfi an jira ɗan lokaci shi ke nan. Ina! Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga masai, haidurojin salfaid, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka kwanciya take yi a ƙasan rami. In ta yi yawa ma sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci ta tafi. Ga kuma ƙarancin oksijin: kashi 20.9 cikin 100 ne a iskar waje, kuma dokar 1993 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce ƙasa da 19.5 haɗari ne. Tsatsa kaɗai tana iya cinye oksijin ɗin tankin da ya daɗe a rufe.

Yadda ake yi, a girka fanka mai ƙarfi a waje, a jona mata faffaɗar mesa ta sauka har kusa da inda ma'aikacin yake. Fankar ta yi nesa da salansar janareta, in ba haka ba hayaƙi za a ɗura masa. Masu yasar rijiya da ke zura injin jan ruwa mai fetur cikin rami su ne suka fi ba ni tsoro, domin kabon monoksaid, iskar gubar da ke cikin hayaƙin injin, ba ta da wari balle launi. Kada kuma a yi dabarar sako oksijin daga tukunyar masu walda. Ɗan tartsatsi ya isa tufafi su kama da wuta.

Zura fitila a ga ko za ta mutu tsohuwar dabara ce, amma ba ta nuna guba, kuma a inda iskar gas ta taru fashewa za ta jawo. Na'urar awon iska ce ke faɗin gaskiya, ita ma sai an auna sama da tsakiya da ƙasa.

Da zarar fanka ta tsaya, a fito. In wani ya faɗi a ciki, kada mai tsaro a bakin ramin ya bi shi haka kawai: NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta bayyana a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu kai ɗauki ne. A ci gaba da tura iska, a kira 'yan kwana-kwana.