Maganar hotuna a biro (ofis), ga amsa a bar tare ni a hanya

Ni ke kula da harkar ma'aikata a wata ƙungiya nan Yamai, mu da Nasaru da ƴan Togo da Benin duk rufi ɗaya, kuma tambayoyin nan kullum su ne dai, na gaji da maimaitawa.

Zan iya rataye Ayatul Kursiyyu bisa teburina?

Rataye. Nan Nijar ne. In ka ga sabon shef, wato shugaban aiki, da ya zo daga Faransa yana ta satar kallonta kar ka ce ƙiyayya ce, su tun 1905 suka yi dokar raba gwamnati da coci, ma'aikatun gwamnatinsu ba a kafa alamar addini a bango. Dokarsu ce ta can, ba ta biyo shi cikin jirgi ba.

Hoton ɗan siyasar da nake so fa?

A'a. Kai shi ɗakinka.

Na tura hoton ragon layyata a grup ɗin aiki, wata Baturiya ta fita daga grup ɗin, mi na yi?

Wane hoton ka tura? In na raguna ne an baje su bisa itace sun kewaye wuta a bakin titi yadda muke yi a Yamai, da sauƙi. Amma na san ku, na lokacin yanka kuke turawa, wuƙa a wuya jini na tsartuwa cikin rami, kai kana dariya. Mutumin da bai taɓa ganin nama ba sai cikin leda a kanti, haka za ka buɗe mishi salula da sassafe? Haba. Kuma ku masu tura gawar mutane in an yi haɗari a hanyar Dosso, ku ji tsoron Allah, wannan ba ma maganar Nasara ba ce, gawar tana da uwa.

Shef ɗina ya aje hoton matarsa da kayan wanka a bakin teku bisa teburinsa, baƙi kuma suna shiga, in yi magana ko in yi shiru?

To nan ne sai a hankali. Da farko ka sani shi bai ga tsiraici a wurin ba, iyalinsa ya gani ranar hutu, kamar dai yadda kai ba ka ganin komai a hoton Issaka Issaka daga shi sai walki da layu cikin filin kokowa, alhali shi ma jiki ne a waje. Saboda haka kar ka shiga da wa'azi, za ka ɓata aikinka a banza. Sannan ka duba ina hoton ke kallo. In shi kaɗai yake fuskanta, mai shigowa bayan firam kawai yake gani, ni a ganina ka ƙyale, ba ruwanka. In kuwa yana kallon kujerar baƙi ne, kuma biron ne hakimai da limamai da shugabannin mata ke zama in an zo maganar rijiya ko rigakafi, to ya zama maganar aiki, don na taɓa ganin wani dattijo ya shigo da fara'arsa, idonsa ya faɗa kan irin wannan hoto, ya juya kujera gefe ya ƙare zancen yana kallon ƙofa, ko ruwan da aka kawo bai taɓa ba, kuma shef bai gane komai ba har yau. Amma ko a nan ɗin ya danganta da tsakaninku. In kun saba, ka bari sai ku biyu, ka ce mishi shef, gobe hakimi zai zo, mutanenmu suna jin nauyin ganin matar wani haka, ko za a ɗan juya shi. Yawancinsu godiya suke yi, wasu har kunya ta kama su. In sabo ne kai, ko kwantiraginka na wata shida ne, kar ka yi jarumta, ka faɗa wa babba cikin ƴan ƙasa ya kai maganar. In kuma mace ce ke, ƴar'uwa, ban ba ki shawarar ki tunkare shi ke kaɗai da wannan zance ba, ba don shi mugu ne ba, don bakin mutanen biro. Zai iya ƙi? Zai iya, teburinsa ne. Sai a riƙa karɓar baƙi a ɗakin taro.

Malaminmu ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto.

Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, ba mai musu. Ko ya haɗa da hoton kamara, malamai sun saɓa, ni kuma ba malami ba ne. Ka cire naka, hankalinka kwance. Na maƙwabcinka kar ka taɓa.

Afish ɗin nan, hoton faɗakarwa kan shayar da nono da ke ƙofar shiga, bai yi yawa ba?

Ba ka taɓa shiga motar kasuwa ba ne? Bar shi nan.

Wani abokin aiki ya manna zanen barkwanci da ya taɓa addini, wai raha ce.

A cire yau, ba gobe ba, kowane addini ne. Wanda ke garin nan a Janairun 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, ya ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai, an ƙona coci-coci, an rasa rayuka, har da na waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ka kai wa shugabanni maganar kai tsaye, kar ka ɗauki hotonsa ka watsa a WhatsApp wai kana kishin addini.

Hoton ƴaƴana fa?

Sa mana. Ɗaya ko biyu, ba albam ɗin suna gaba ɗaya ba.