Pastorale: Kiɗan Makiyaya a Fadojin Turai

Pastorale nau'in kiɗan Turai ne da ke kwaikwayon busar makiyaya da zaman karkara. Ya yi tashe a zamanin Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, musamman a Italiya da Faransa da ƙasashen Jamusawa da yankin da yau ake kira Jamhuriyar Cek. Galibinsa kiɗan ɗaki ne, wanda makaɗa ƙalilan ke yi wa sarki ko bishop ko wani mai sarauta da baƙinsa a cikin fada, ko da yake yakan shiga coci lokacin Kirsimeti. Sau da yawa bangon ɗakin da ake kiɗan na ɗauke da zanen irin abin da ake kaɗawa: ƙorama, inuwar itatuwa, tumaki, da samari da 'yan mata cikin tufafin siliki suna riƙe da sandar kiwo.

Tushensa

Makiyayin da ke cikin wannan kiɗa daga littafi ya fito. Mawaƙin Girka Theocritus, mutumin tsibirin Sisili, ya rubuta waƙoƙin makiyaya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan Virgil na Rum ya bi sahunsa. Arkadiya, wani yanki mai duwatsu a kudancin Girka, ta zama sunan ƙasar mafarki inda ba yunwa ba haraji, aikin makiyayi kawai busa sarewa da begen masoyiya. Littafin Arcadia na Jacopo Sannazaro, wanda ya fito a 1504, da wasan Il pastor fido na Guarini, wato "Makiyayi Mai Amana", na 1590, su suka yaɗa wannan hoto a fadojin Turai.

A Rum abin har ƙungiya ya zama. A 1690, shekara ɗaya bayan rasuwar Sarauniya Christina ta Suwidin, mawaƙa da malaman da ke taruwa a gidanta suka kafa ƙungiyar Arkadiya. Tambarinta sarewar kara ce, kuma duk wanda ya shiga sai ya ɗauki sunan makiyayi. A 1706 ta karɓi makaɗa uku: Arcangelo Corelli, Alessandro Scarlatti da Bernardo Pasquini. Sunan kiwon Corelli shi ne Arcomelo, mutumin da bai san wata sana'a ba sai goge.

Yadda ake gane shi

Abu biyu dai an aro su daga makiyaya na gaskiya. Duk shekara gab da Kirsimeti makiyayan tsaunukan Abruzzo kan sauko Rum su yi busa a gaban hotunan Maryamu da ke kan tituna. Ɗaya na riƙe da piffero, ɗan'uwan algaita, ɗayan kuma da zampogna, mabusa mai salkar fata da ke riƙe iska yadda sauti ba ya yankewa. Daga nan aka samo alama ta farko: amo ɗaya mai kauri da ke ɗorewa a ƙasa ba ya motsi, waƙa na yawo a samansa. Ta biyu ita ce takun lilo, dogo da gajere, dogo da gajere, wanda ake rubutawa da awon 12/8 ko 6/8. A kan haka sai a ɗora muryoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar bututu biyun zampogna.

Misalin da aka fi sani shi ne babin ƙarshe na kiɗan Corelli na takwas cikin jerin aikinsa na shida, wanda aka buga a Amsterdam a 1714, shekara ɗaya bayan mutuwarsa, da rubutun cewa don daren Kirsimeti aka yi shi. Makaɗin Jamus Johann Sebastian Bach ya buɗe kashi na biyu na babban kiɗansa na Kirsimeti na 1734 da irin wannan salo, George Frideric Handel ma ya saka ɗan gajere a cikin shahararren kiɗansa Messiah, ya kira shi Pifa.

Makaɗin Italiya Antonio Vivaldi ya fi kowa kai abin ga ido. A kiɗansa na yanayi huɗu na shekara, wanda aka buga a 1725 da sadaukarwa ga wani basaraken Bohemiya mai suna Wenzel von Morzin, babin tsakiya na kashin farko, wato na bazara, ya kasu gida uku a lokaci guda. Babban goge na rera barcin makiyayin awaki. Sauran goguna na kaɗa ganyaye a hankali. Goge mai matsakaiciyar murya kuwa sauti biyu kawai yake maimaitawa da ƙarfi daga farko har ƙarshe, kuma Vivaldi ya rubuta a takardar makaɗin cewa wannan kare ne ke haushi.

Faransa

A Faransa kayan busar ne kansa aka yi wa wanka. Musette ta fada ƙaramar mabusa mai salka ce da ake sassaƙa bututunta da hauren giwa, a lulluɓe salkar da siliki ko karammiski. Ba a hura ta da baki. Ɗan zugazugin fata ake ɗaurewa a ƙarƙashin hannu, don kada mai daraja ya kumbura kumatu a gaban jama'a. Hyacinthe Rigaud ya zana wani babban alƙalin birnin Aix, Gaspard de Gueidan, riƙe da ita cikin kayan ado. François Couperin ya saka babi mai suna musette a na uku cikin kaɗe-kaɗen da ya yi wa Sarki Louis na 14 a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda aka buga a 1722. Wannan ne kuma zamanin Antoine Watteau, mai zanen shagalin masoya a cikin lambuna.

Kasuwar ta yi ƙarfi har ta haifi jabu. A 1737 aka buga kaɗe-kaɗe shida a Faris masu suna Il pastor fido da sunan Vivaldi. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka tabbatar cewa Nicolas Chédeville, mabushin musette, shi ya tsara su.

Kiɗa da bango

Alaƙar kiɗan da zanen bango ta hannun mai gida take bi. Shi ke biyan mai zane, shi ke ciyar da makaɗa, kuma labaran mawaƙan Rum Ovid da Virgil da ya karanta tun yana yaro su yake so ya gani ya kuma ji.

Ɗakin kiɗa na fadar Sanssouci da ke Potsdam, wadda aka gina wa Sarki Frederick na 2 na Prusiya tsakanin 1745 da 1747, ya nuna haka a fili. Tsakanin manyan madubai akwai zane-zanen Antoine Pesne da aka ɗauko daga labaran Ovid, ɗaya daga ciki na Pan da Syrinx ne. Pan, ubangijin makiyaya a tatsuniyar Girkawa, ya bi budurwa Syrinx har bakin rafi, ta rikiɗe ta zama kara, shi kuma ya yanki karan ya yi sarewa. A ƙarƙashin wannan hoton sarkin da ya yi shekaru yana yaƙi a kan yankin Silesiya ke tsayawa da yamma ya busa tasa sarewar, malaminsa Johann Joachim Quantz na saurare, Carl Philipp Emanuel Bach na bin sa da kayan kiɗa mai maɓallai. Quantz ya tsara wa sarkin manyan kaɗe-kaɗen sarewa kusan 300. A rufin ɗakin an yi saƙar gizo da ruwan zinariya, wato har ƙazantar bukka sai da aka mai da ita ado.

Fadar garin Kroměříž, a yankin Morabiya na Jamhuriyar Cek ta yau, ta riga Sanssouci da kusan shekara 80. Sojojin Suwidin sun lalata garin a 1643 lokacin Yaƙin Shekara Talatin. Karl von Liechtenstein-Kastelkorn, bishop ɗin Olomouc daga 1664 zuwa 1695, ya sake gina fadar, ya shimfiɗa lambun furanni, ya sa aka ƙawata ɗakunan ƙasa masu buɗewa ga lambu da zane da sassaƙar farar ƙasa, ya kuma tara makaɗa. Heinrich Biber, gwanin goge na zamaninsa, ya yi masa aiki daga 1668 zuwa 1670, kafin ya sulale Salzburg ba tare da sallama ba. A nan aka adana kiɗan Sonata representativa da ake danganta wa Biber, inda goge ɗaya ke yin kukan tsuntsaye da kwaɗo da kaza da zakara da kyanwa. Wasu daga koke-koken tsuntsayen an ɗebo su ne daga littafin da Athanasius Kircher ya buga a 1650, inda ya rubuta su da alamomin kiɗa. Tsuntsun ma, ke nan, ta laburare ya biyo.

Bayan Barok

Musette ta fita daga yayi tun kafin juyin juya halin Faransa na 1789, amma amon ƙasa da takun lilo sun ci gaba, har Beethoven ya yi amfani da su a babban kiɗansa na shida a 1808. Daga tsakiyar ƙarni na 20 makaɗa suka koma ga tsofaffin kayan kiɗa masu tsirkiyar hanji da sarewar itace. Takardun Kroměříž, waɗanda mabushin kakakin bishop, Pavel Vejvanovský, ya kwafe da yawansu da hannunsa, na cikin manyan rumbunan da suke ɗiba. A 1998 UNESCO ta saka fadar Kroměříž da lambunanta cikin jerin kayan tarihin duniya.