Kamun kifi a kaka a gaɓar arewacin Tekun Meksiko

Gaɓar arewacin Tekun Meksiko ita ce bakin tekun kudancin Amurka da ya taso daga jihar Teksas, ya bi ta Luwiziyana da Misisipi da Alabama, ya dangana da yammacin Fulorida. Ƙasa ce mai ɗumi, shimfiɗaɗɗiya, cike da fadamun ruwan zartsi da bakunan koguna. Kakar yankin tana kamawa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Disamba, kuma masunta da yawa na ɗaukar ta a matsayin lokacin da ruwa ya fi albarka a shekara. Dalili shi ne a watannin nan ne jatan lande da kifayen da suka yi girma a fadama suke ficewa zuwa teku ta ƴan ƙananan mashigai, manyan kifaye kuma suna tare su a hanya.

Iskar arewa da matakin ruwa

A watan Agusta ruwan bakin gaɓa yakan kai digiri 30 a ma'aunin Selshiyas, ko ya ɗara. Daga ƙarshen Satumba sai iska mai sanyi ta fara saukowa daga tsakiyar nahiyar, kashi-kashi. Takan zo da hadari, ta busa kwana biyu ko uku, ta lafa, ɗumi ya dawo, bayan mako guda ko biyu wata ta biyo baya. Kowace ta zo sai ta rage wa ruwa zafi, har ya sauka kusan digiri 20 a Nuwamba.

Cika da janyewar teku a wannan gaɓa ba su da ƙarfi. A galibin wurare sau ɗaya ake yi a rana, bambancin kuma bai cika wuce rabin mita ba. Saboda haka iska ce mai faɗa a ji. Idan ta arewa ta yi ƙarfi, takan tura ruwan fadama waje har laka ta bayyana, kwale-kwalen da bai yi hattara ba ya kafe. Duk abin da ke cikin ciyawa dole ya bi ruwa ya fita. Shi ya sa masunci kan fi kula da hasashen iska fiye da jadawalin cikar teku, kuma ya fi son ya tsaya a bakin magudanar da ruwa ke fita bayan iskar ta lafa.

Sanyin yana kuma gyara wata ɓarna ta lokacin zafi. Takin zamani da Kogin Misisipi ke kwasowa daga gonakin tsakiyar Amurka yana haifar da wani yanki a gaban Luwiziyana inda iskar oksijin ke ƙarewa a ƙasan teku. A 2017 an auna faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000, mafi girma da aka taɓa gani. Guguwa da iskar kaka su ne ke gauraya ruwan sama da na ƙasa su wargaza shi.

Kifayen ruwan gishiri

Farin jatan lande, Litopenaeus setiferus, shi ne ginshiƙin kakar. Yana girma a fadama lokacin zafi, sanyi na shigowa ya nufi teku. Luwiziyana takan buɗe kamunsa a ruwan cikin gida a watan Agusta, a ci gaba har Disamba. A bayansa akwai kifi mai ɗige-ɗige, Cynoscion nebulosus, wanda ke barin bakin teku ya shigo tafkunan ciki yana farautarsa. Idan garken kifin ya kora jatan lande sama, tsuntsayen teku sukan taru suna sura, masunta kuma daga nesa suke hango tsuntsayen su nufi wurin. A Nuwamban 2023 Luwiziyana ta rage adadin kifi mai ɗige-ɗige da mutum ɗaya zai iya ɗauka a rana daga 25 zuwa 15.

Jan kifi, Sciaenops ocellatus, shi ne ya fi suna. Yana da baƙin tabo kusa da wutsiya, namijinsa kuma yana yin wata ƙara kamar ta ganga ta hanyar kaɗa jakar iskar cikinsa lokacin haihuwa. Ƙanana suna zama a fadama shekaru uku zuwa biyar kafin su koma teku, inda sukan rayu fiye da shekara 30. Daga Agusta zuwa Oktoba manyan suna taruwa a bakin mashigai don zuba ƙwai, har wanda ba shi da jirgi yana iya kama mai nauyin kilo goma daga kan duwatsun gaɓa. Tarihinsa darasi ne a kan yadda kasuwa ke cinye kifi. A shekarun 1980 wani mai dafa abinci a birnin New Orleans na Luwiziyana, Paul Prudhomme, ya shahara da gasa shi da yaji a kasko mai tsananin zafi. Abincin ya bazu a faɗin ƙasar, jiragen taru suka afka wa garkunan iyaye, kafin ƙarshen shekarun gwamnatin tarayya ta haramta kama shi a ruwan da ke hannunta, haramcin da yake nan har yau. A 2024 Luwiziyana ta mayar da rabon mutum ɗaya kifi huɗu a rana, masu tsawon inci 18 zuwa 27, ta hana ɗaukar wanda ya wuce haka.

Wanda ya fi shan wuya a kaka shi ne shimfiɗaɗɗen kifin nan mai kama da faifai, Paralichthys lethostigma, mai idanu biyu a gefen hagu, wanda ke kwanciya a yashi ya saje da shi. Tsakanin Oktoba da Disamba yana fita zurfin teku don haihuwa, kuma dole ya bi ta mashigai ƴan kaɗan da kowa ya sani. Da dare ana bin sa da fitila da mashi a ruwa iya gwiwa. Matan sun fi mazan girma nesa ba kusa ba, don haka kusan duk wanda ya kai girman da doka ta yarda mace ce, kuma ɗauke da ƙwai. Ga wata matsala: zafin ruwa yana da hannu wajen tantance jinsin ƴaƴansa, ruwa mai ɗumi yana ƙara yawan maza. Da adadinsa ya yi ta raguwa, jihohi suka rufe kamunsa daidai lokacin da ya fi sauƙi. Teksas tana rufewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba tun 2021, Luwiziyana daga 15 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba tun 2022. Masunta sun yi ƙorafi, amma da wuya a ga wata hanyar da ta fi wannan ma'ana.

Kifin mulet, Mugil cephalus, shi ma yana taruwa garke-garke ya fita daga Oktoba. Ƙwansa ne mai tsada, ana kai shi kasuwannin gabashin Asiya. A Fulorida da birgi ake kama shi galibi, tun da masu zaɓe suka amince a 1994 da hana ragar da ke shaƙe kifi a ruwan jihar, dokar ta fara aiki a Yulin 1995.

Kogi idan ya ja baya

Kogin Misisipi yana cika a bazara da ruwan narkewar ƙanƙara da na sama, ya sauka ƙasa sosai a Satumba da Oktoba. Idan ya sauka, laka takan kwanta, ruwan ya koma kore-kore, kifayen teku su hauro cikin kogin kansa. A kusa da garin Venice, ƙarshen hanyar mota a kudancin New Orleans, mutum kan kama jan kifi da kifin ruwan daɗi a wuri guda da ƙugiya ɗaya.

Abin da ke daɗa wa masunci yana cutar da mai shan ruwa. Gindin kogin yana ƙasa da matakin teku, ruwan gishiri kuma ya fi nauyi, don haka yakan lallaɓo ta ƙasa idan ƙarfin kogi ya ragu. A 2023 ya ɓata ruwan famfo a gundumar Plaquemines ta Luwiziyana, ya tayar da hankalin New Orleans. Injiniyoyin sojan Amurka sun tara yashi a ƙasan kogin don tare shi, kamar yadda suka yi a 1988 da 1999 da 2012 da 2022.

Tafkuna da dausayi

A ruwan daɗi labarin bai kai na gaɓa tsawo ba. A manyan madatsai irin su Toledo Bend, a kan Kogin Sabine tsakanin Teksas da Luwiziyana, ruwa yakan rabu hawa biyu lokacin zafi: mai ɗumi a sama, mai sanyi marar iska a ƙasa. Idan saman ya huce sai ya nutse, na ƙasa ya taso, tafki ya yi duhu da wari na ƴan kwanaki, kifi ya ƙi ci. Bayan haka ƙananan kifayen shad suna shiga ƙoramu, kifin bas mai faɗin baki yana bin su, kamun ya yi kyau. Kifin da mutanen Luwiziyana ke kira sac-à-lait da Faransanci yana taruwa a jikin itatuwan da ruwa ya cinye. Shuɗiyar tarwaɗa, Ictalurus furcatus, tana jure ɗan gishiri, don haka ana samun ta har bakin fadama.

Dausayin Atchafalaya na Luwiziyana, mafi girma irinsa a Amurka, yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na haɗaɗɗen ruwan kogunan Misisipi da Red River. Idan ruwa ya janye daga cikin dajin a kaka, kifi yana matsuwa cikin magudanai da tafkuna, kamunsa ya yi sauƙi.

Guguwa da jan ruwa

Lokacin guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a farkon Satumba, don haka kakar wata shekara takan tafi a gyaran tashoshi da jirage. Haka aka yi bayan guguwar Ida, wadda ta sauka a Port Fourchon na Luwiziyana ranar 29 ga Agusta 2021. Ɓarnar da ba a gani nan take ita ce ta ruwan daɗi: ganye da laka da guguwa ta zuba suna ruɓewa su shanye iskar ruwa. Bayan guguwar Andrew a 1992 an ƙiyasta kifi fiye da miliyan 180 sun mutu a Atchafalaya.

A yammacin Fulorida abin tsoron daban ne. Wata ƙwayar halitta mai guba, Karenia brevis, takan yi yawa daga ƙarshen zafi zuwa kaka, ta rina ruwa ja-ja, ta kashe kifi, ta sa mutanen bakin teku tari. Wadda ta fara a ƙarshen 2017 ba ta lafa ba sai farkon 2019, kuma saboda ita hukumar jihar ta umarci masunta a wani ɓangare na gaɓar su riƙa mayar da jan kifi da mai ɗige-ɗige ruwa, na tsawon wasu shekaru.