Tambayoyi kan ilimin nazarin al'umma da al'adu

Matasan Arewa da ke karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta jihar da ke Ojo, sukan gamu da wannan darasi tun a shekarar farko, kuma kalmominsa kan rikita su. Ga amsoshin wasu tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nufi da al'ada a wannan fanni?

A bakin mutane, al'ada ita ce biki da kaya da rawa. Masana sun faɗaɗa ta. Baturen Ingila Edward Tylor ya bayyana ta a 1871 da cewa ta ƙunshi sani da imani da fasaha da tarbiyya da doka, da duk abin da mutum ya koya saboda zamansa cikin jama'a. Muhimmin abu shi ne koyo. Yaron da aka haifa a Agege ya tashi yana jin Hausa a gida, Yarabanci a layi, ba a jininsa ya gaji ko ɗaya ba.

Turawa ne suka ƙago ilimin?

Su suka shigar da shi jami'o'i a ƙarni na 19. Amma Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga su nisa. A littafinsa Muƙaddima na 1377 ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da ke sa jama'a su kafa mulki, da yadda jin daɗin birni ke kashe ta bayan 'yan zuriyoyi.

Ƙabila fa, ba jini ba ce?

Nan ne Legas ta fi kowane aji koyarwa. Ka shiga Mile 12 ko Idi-Araba, za ka tarar da Babarbare da Bafulatani da Bazabarme daga Nijar da Buzu, duk ɗan gari yana kiransu Hausawa, kuma a harkar kasuwa su ma sukan amsa. Da zarar sun koma gida sai kowa ya koma asalinsa. Masanin ƙasar Norway Fredrik Barth ya yi bayani a 1969 cewa abin da ke riƙe ƙabila shi ne iyakar da mutane ke shatawa tsakanin "mu" da "su", kuma iyakar tana motsi gwargwadon wurin da mutum ya tsinci kansa.

A 1969 ɗin kuma wani masani, Abner Cohen, ya fitar da bincikensa kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Ya gano cewa zaman baƙunta bai narkar da su cikin Yarabawa ba, ƙara ƙanƙame Hausancinsu ya yi. Dalilin kuwa fataucin goro da shanu ne, wanda ke tafiya kan bashi da amana ta hannun maigida da dillalansa. Amana ba ta yiwuwa sai da harshe ɗaya da shugabanci ɗaya, har da haɗuwa a ɗarikar Tijjaniyya. A ganina ya ɗan rage wa addini matsayinsa da ya jingina shi da ciniki haka, amma duk wanda ya ga yadda ake sauke shanu bashi a kudu ya san akwai gaskiya a maganarsa.

Mene ne auna wasu da mudun kanka?

Shi ne ka ɗauki al'adarka ma'auni, duk wadda ta saɓa mata ta zama kuskure. Bahaushe ya ga saurayin Bayarabe ya kwanta rub-da-ciki yana gaida babba sai ya ce an wuce gona da iri. Bayarabe kuma ya ga uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ya zaci babu ƙauna, alhali kunya ce. Franz Boas, malami a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya koyar da cewa a fara fahimtar kowace al'ada a cikin muhallinta.

To, ke nan komai daidai ne?

A'a. Fahimta daban, amincewa daban. Mai bincike zai iya bayyana dalilin da ya sa ake kaciyar mata a wasu wurare, ya kuma ce tana cutarwa.

Wasan barkwanci ma ana nazarinsa?

Sosai. Masanin Ingila Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kansa a 1940, yana ganin hanya ce ta sassauta zaman da ke iya jawo rikici. Mu kuwa muna da shi tsakanin taubasai, da jika da kaka, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi.

Yaya ake yin binciken?

Da zama cikin mutane. Masani Bronislaw Malinowski ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshensu, ya shiga harkokinsu na yau da kullum. Ɗalibin da ke son nazarin 'yan acaba ko masu faci a Obalende haka zai yi: ya nemi izinin shugabanninsu, ya yi watanni yana zama a inda suke, ya rubuta abin da suke yi tare da abin da suke faɗa, domin sau da yawa biyun sukan bambanta. Kuma ya sakaya sunayensu in zai rubuta rahoto.